Aikin da Ta Samo wa Baba

Tun kafin mutum ya karya kwanar layin yake jin muryarsa. Ɗan ƙaramin shagon aski ne tsakanin mai faci da mai sayar da kwanuka: kujera ɗaya, madubi ɗaya da ya tsage ta gefe, sai dogon benci a waje wanda ba a taɓa ganinsa babu kowa ba. Rabin mutanen da ke kan bencin ba aski ya kawo su ba. Wasu ma ba su da gashin da za a aske. Mutanen layin suna kiran mai shagon Rediyo, shi kuma yana amsawa da fara'a, har yakan ce tasharsa ba ta san ɗauke wuta ba.

Yana da wata ɗabi'a da kowa ya san shi da ita. Idan gardama ta yi daɗi, sai ya aske gefe ɗaya na kan mutum, ya kashe inji, ya jingina da bango. Ina mutum zai je da rabin kai? Dole ya zauna har a kai ƙarshen zance. Wanda ya fi shan wannan horo shi ne Tsohon Direba, abokinsa tun suna samari.

"Rediyo, don girman Allah ƙarasa mini, ana jirana."

"Wa ke jiranka? Motar da ka sayar, ko matar da ta gaji da ganinka a gida? Zauna. Ka ce ka taɓa tuƙi kwana da yini ba ka runtsa ba. To wa ya faɗa ramin nan na bakin gada? Ni ne?"

"Wata rana bakin nan zai kai ka inda ƙafa ba za ta dawo da kai ba."

"Ai shi ya sa nake jan askinka. 'Yan gashin da suka rage maka sun riga sun nemi ritaya. In na yi sauri, gobe me zan aske?"

Sai bencin ya kwashe da dariya, mai faci ya ajiye taya ya leƙo don kada a ba shi labari.

Babbar 'yar Rediyo ba ta ɗauko ko ƙwayar wannan hali ba. Tun tana ƙarama, in gida ya cika da baƙi, ƙarƙashin tebur ake samunta. Da ta girma ta yi karatu, ta sami aiki a ɗakin gwajin ruwan sha. Wuri ne fari tas, babu abin da ake ji sai ƙugin firiji da ɗan ƙaran kwalabe in sun gogi juna. Takan sa farar riga da safar hannu, ta jera kwalaben ruwan da aka ɗebo daga rijiyoyi da tankuna, ta ɗiga magani, ta jira launi ya canza. Wani lokaci takan yini ba ta furta abin da ya wuce gaisuwa ba, kuma ta tashi aiki zuciyarta wasai. Baba yana alfahari da ita a gaban benci, shi ya laƙaba mata Likitar Ruwa. A gida kuwa Uwata yake kiranta.

Duk yamma in za ta wuce gida sai ta tsaya a shagon, kuma wannan tsayuwar ta fi aikin yini gajiyar da ita. Ga hayaƙin janareta, ga hon ɗin motoci, ga mutum goma suna magana lokaci ɗaya, kowa sai an gaishe shi an tambayi iyalinsa. Tana kallon gumin da ke bin ƙeyar Baba da ƙafafunsa da suka kumbura har silifa ta bar shaida a kansu, sai ta ce a ranta: wannan wace irin azaba ce mutum yake sha don ya ciyar da mu.

Wata rana da zafi ya tsananta, Baba ya faɗi da almakashi a hannunsa. Mai faci da Tsohon Direba suka kai shi asibiti. Likita ya ce hawan jini ne, ya rage tsayuwa, ya guji zafi da hayaniya. Cikin duk abin da likitan ya faɗa, kalmar hayaniya ce ta zauna mata daram, domin ita ce ta riga ta sani.

A cikin wuraren da take zuwa ɗebo ruwan gwaji akwai wani babban otal a gefen gari. Can ƙarshen wani dogon lungu mai shimfiɗe da kafet akwai ɗakin aski na baƙi. Ta sha tsayawa tana kallonsa ta gilashi. Sanyi, ƙamshi, kujerun fata masu kwantawa, tawul farare a naɗe kamar ba a taɓa taɓa su ba. Babu ƙara ko ɗaya. In da a ce ita mai aski ce, nan za ta roƙi Allah ya ajiye ta. Ta yi wa manajan magana, ya ce dama suna neman dattijo mai hannu, saboda samarin da suke ɗauka ba sa zama.

Ta kai wa Baba labari yana kishingiɗe a falo, Gwaggo ƙanwarsa tana yi masa fifita. Su uku ne a gidan tun rasuwar mahaifiyarta.

"Akwai kujerar zama in babu kowa, Baba. Akwai sanyi. Albashi duk wata, ko an zo ko ba a zo ba."

"Su wa ke zuwa can ɗin, Uwata?"

"Manyan mutane. Matafiya."

"Matafiya," ya ce, idonsa ya ɗan yi haske. "To ai matafiyi ba ya rasa labari. Suna hira?"

"Baba, hutawa za ka yi."

Ya kalli silin. Ya ce shagon fa, ya ce mutanensa fa, wa zai riƙa zagin Direba in ba shi ba. Ita ba ta iya jan magana ba, ba ta da hujjar da za ta kayar da mutumin da bai taɓa faɗuwa a gardama ba. Sai kawai hawaye suka zubo mata. Ta ce ta ga yadda aka shigo da shi asibiti, ta rasa uwa, ba za ta iya rasa uba a kan titi ba. Baba yana iya jure komai ban da kukanta.

"Share, share. Na ji. Za ni."

Tun bai gama warwarewa ba ta je ta mayar wa mai ginin da makullin shagon. Ta san in shagon yana nan, ƙafarsa za ta kai shi ko bai yi niyya ba. Kujerar da madubin aka kawo su gida aka jingine a ɗakin ajiya. Bencin ta bar wa mai faci.

Kwanakin farko Baba yakan dawo da labari cike da baki. Ya kwaikwayi tafiyar manaja, ya kwaikwayi wani baƙo da ya yi barci ana gyara masa gemu har da minshari mai hawa biyu. Gwaggo ta yi dariya har da tari. Ita kuma ta ji daɗi, ta ce ai dama ta sani.

Ba a jima ba manajan ya kira ta a waya. Cikin ladabi ya yi maganar. Ya ce hannun dattijon babu na biyunsa, amma akwai ƙa'idar wurin: ba a yi wa baƙo magana sai in shi ya fara, in ma ya fara a amsa a taƙaice. Wani baƙo ya kawo ƙara, wai mai askin ya ce masa sanƙonsa ya fara sayen fili a ƙeya. Ta ba da haƙuri. Ba a yi nisa ba ya sake kira, wannan karon muryarsa babu sakin fuska. Baba ya kashe inji a tsakiyar aski ya tambayi wani mutum daga ina ya taso, kuma me ya sa yake ta huci kamar wanda aka yi wa ƙwace. Mutumin ya tashi da rabin kai ya tafi ofishin manaja. In aka sake, in ji manajan, ba zai iya kare shi ba.

Da yamma ta sami Baba a tsakar gida yana wanke ƙafa. Ta durƙusa kusa da shi.

"Mutumin nan yana cikin damuwa, Uwata," ya riga ta. "Na gani a wuyansa. Wuyan mutum ba ya ƙarya. Da ya faɗa mini, da ya tashi da sauƙi."

"Baba, ba su zo don a tambaye su ba."

"To don me mutum zai miƙa wa wani kansa, ya rufe ido, reza a maƙogwaronsa, amma ba zai faɗa masa sunan garinsu ba?"

Abin da ta iya cewa shi ne: "Don Allah, Baba, ka rufa mini asiri. Ni na tsaya maka. Can nake zuwa aiki, kowa ya san ni 'yarka ce."

Ya daɗe yana kallonta, butar a hannunsa, ruwa yana ɗiga. Sannan ya ce, "To, Uwata."

Kuma ya cika alkawari. Baba bai taɓa yin abu rabi ba in ba askin gardama ba.

Watanni suka shuɗe. Kumburin ƙafa ya sauka, likita ya duba jini ya yaba, Baba ya yi 'yar ƙiba, fatarsa ta yi kyau. Manajan da kansa ya tare ta a lungun kafet ya ce dattijon ya zama abin misali, har baƙi suna neman shi da suna. A gida kuwa labarin ya riƙa raguwa kamar ruwan randa mai tsaga. Ya daina kwaikwayon kowa. In an tambaye shi aiki, sai ya ce lafiya lau. Ya ci abinci, ya gode, ya shiga ɗaki. Gaskiyar magana, da farko ta ji daɗin shirun. Takan dawo daga aiki ta sami gida kamar ɗakin gwajinta, ta ce a ranta Baba ya sami natsuwa.

Ranar da ta gane, ta je otal ɗin ne ɗebo ruwa. Ta biyo ta lungun da akwatin kwalabenta, ta tsaya a bakin gilashi. Baba yana aske wani mutum mai babban tumbi wanda ya duƙufa a kan wayarsa. Mutumin ya yi atishawa mai ƙarfi har tawul ya zame. Ta ga girar Baba ta hagu ta ɗaga. Ta san wannan girar tun tana goye: duk sanda ta ɗaga haka, magana ce ta taso wadda za ta kayar da benci. Bakinsa ya buɗe. Sai ta ga ya rufe shi, maƙogwaronsa ya motsa, ya haɗiye. Ya sunkuya ya ɗauki tawul ɗin, ya canza wani, ya ci gaba. Girar ta koma wurinta a hankali.

Ba ta shiga ba. Ta koma wurin aiki ta jera kwalabe, ta ɗiga magani a wanda bai kamata ba, abin da ba ta taɓa yi ba.

Ta sami Gwaggo tana guga a falo, ta faɗa mata abin da ta gani. Gwaggo ba ta ɗago ba sai da ta gama hannun rigar.

"Sai yau kika gani? Ni da nake yini a gidan nan, agogon bango ya fi yayana magana."

"Amma lafiyarsa ta samu, Gwaggo."

"Ta samu. Garin neman gira aka rasa ido." Ta juya rigar. "Kin san wanda ya hana a kai ki koyarwa? Lokacin da kika gama makaranta, ni da kawunki mun riga mun samo miki gurbi. Aji cike da yara, aikin mace, kusa da gida. Ubanki ya ce a'a. Ya ce yarinyar nan in kuka tsayar da ita gaban mutum arba'in kullum, za ta yi, don ba ta musu, amma za ta bushe a tsaye kamar itacen da aka yanke wa saiwa. Ya ce ku bar ta ta je inda ake aiki da ido ba da baki ba. Mun yi fushi da shi har muka daina gaisawa. Shi da ba ya iya zama minti ɗaya shiru, shi ya nema miki shiru."

Ta ajiye dutsen gugar a tsaye.

"Shi ya kalle ki ya gan ki. Ke kin kalle shi kin ga kanki."

Washegari ta nemi izini a wurin aiki ta tafi tsohon layin. Tun da ta mayar da makulli take zagaye shi. Shagon ya koma na kayan waya, an shafa masa jan fenti, wata lasifika a ƙofa tana ta maimaita talla. Mai faci ya tashi ya koma bakin babbar hanya, ya tafi da bencin ko ya faskare shi, babu wanda ya sani. Ta sami Tsohon Direba zaune a dakalin ƙofar gidansa shi kaɗai, gashinsa ya yi buzu-buzu ta gefe da gefe.

"Likitar Ruwa! Ashe kina gari. Yaya tashar tamu?"

"Yana lafiya, Baba Direba."

"Mun je gano shi fa, ni da mai kwanuka. Muka sa kaya masu kyau. Mai gadi ya ce wa kuke nema, muka ce Rediyo. Ya ce babu mai wannan suna a nan. Muka tsaya muna kallon juna, wallahi sunansa na yanka ya ɓace mana. Shekara nawa! Muka juyo." Ya yi dariya, dariyar ba ta kai ko'ina ba. "Mai kwanukan ma ya rasu. An aika gidanku, aka ce babanki yana wurin aiki."

Ta tambayi sauran mutanen benci. Wannan ya bi ɗansa wani gari, wancan ƙafa ta hana shi fita, wasu suna zama a wani wuri amma zaman ba ya daɗewa, don babu mai kunna wutar.

Ba ta iya magana ba, amma ta iya aiki. Ta bi layin ƙofa ƙofa har ta sami shagon wani tela da zai tashi, 'yan taku kaɗan daga tsohon wurin. Ta sa aka share, aka sa fanka babba, aka ɗaura rumfa don inuwa. Ta fito da tsohuwar kujera da madubin daga ɗakin ajiya ta goge su da hannunta. Ta sa kafinta ya yi sabon benci, dogo, har ya fi na da. Sai da komai ya kammala ta je ta durƙusa gaban Baba.

Ta shirya jawabi a hanya, amma da ta buɗe baki gutsattsari ne suka fito. Ta ce ta yi kuskure. Ta ce ya bar otal ɗin. Ta ce akwai shago a layinsu, an sa fanka, zai riƙa zama in ya gaji. Tana jira ya yi gardama, ya ce ai ba a tambaye shi ba, ya ce wane irin kafinta ne, ya ce komai.

"Yadda kika ce, Uwata," ya ce.

Ranar buɗewa da safe suka tafi tare. Ya shiga shagon ya dudduba, ya jera inji da almakashi da reza a kan farin tawul, kowanne a miƙe, tazararsu ɗaya. Ita ta zauna a ƙarshen bencin. Ba a daɗe ba sai ga Tsohon Direba yana jan ƙafa, tun daga nesa yake ɗaga murya.

"Ina ɗan gudun hijirar? Ka je ka aske masu kuɗi, sun gane ba ka iya ba sun koro ka!"

Baba ya yi murmushi, ya miƙa masa hannu, ya juya masa kujera.

"Sannu da zuwa. Bismillah."

Direba ya zauna yana kallonsa ta madubi. Baba ya yafa masa mayafi, ya ɗaure a wuya, ya kunna inji.

"Ka ga yadda kaina ya koma? Saboda kai na ƙi bai wa kowa. Yaran yanzu kafin ka zauna sun gama, kamar masu fige kaza."

"Haka ne."

"Ka yi ƙiba. Sanyi ya karɓe ka. Ko dai wata ka samu a can ba ka faɗa mana ba?"

Baba ya yi ɗan murmushi, ya karkatar masa da kai a hankali don ya kai ga bayan kunne.

Direba ya yi gyaran murya. Ta gan shi yana lalube, kamar mai neman makulli a aljihu. Sannan ya jefa babbar ƙugiyarsa.

"Dama ina so in faɗa maka, ramin nan na bakin gada, ban taɓa faɗawa ba. Ƙarya ka yi ta yi mini shekara da shekaru. Ni a tuƙina ko kaza ban taɓa takawa ba."

Mutum biyu da ke wucewa sun rage tafiya, sun gane muryar, suna jira.

"To, madalla," Baba ya ce.

Injin ya ci gaba da ƙugi. Ya gama dama, ya koma hagu bai tsaya ba. Ya gyara saje, ya daidaita gashin baki, ya kaɗe wuya da burushi, ya shafa hoda, ya kwance mayafin ya naɗe shi. Askin ya yi kyau ƙwarai, Direba bai taɓa fita da kai mai tsabta haka ba. Mutum biyun nan suka ci gaba da tafiyarsu.

Direba ya miƙe, ya shafa kansa, ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi fita, ya ba da baya kamar mai jiran a jefe shi da wani abu. Babu abin da ya biyo shi. Ya sauko, ya zo daidai inda take zaune, ya rage murya.

"Hannun dai nasa ne," ya ce. Ya tafi yana jan ƙafa.

Ta zauna ita kaɗai a kan dogon bencin. Layin yana ta hayaniyarsa, motoci, lasifikar masu waya, wata mata tana ciniki da ƙarfi. Ta juya ta leƙa ciki. Ta ce a ranta bari ita ta fara hirar, ko da sau ɗaya. Ta ce, Baba, yau akwai zafi. Ya ce akwai. Ta ce, kafintan nan ya ce katakon mai kyau ne. Ya ce da alama. Ta nemi ta uku ta rasa. Duk rayuwarta shi ke kawo ta ukun, da ta huɗu, da duk sauran.

Ya share gashin da ya zuba, ya goge injin ya mayar da shi wurinsa a kan tawul. Sannan ya fito bakin ƙofa, ya ɗan sunkuyo wajenta, ya yi magana ƙasa ƙasa kamar kada ya dami wani.

"Uwata, ƙarfe nawa aka ce in tashi?"

"Baba, shagonka ne. Babu wanda zai ce."

Ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda aka ba sabuwar doka yana ƙoƙarin riƙe ta. Ya koma ciki, ya tsaya kusa da kujerar yana jiran wanda zai shigo.